Tony Biyu a Kwamfutar Maman Vicky

Bangon katako ne ya raba shagona da na Maman Vicky a unguwar Narayi, nan Kaduna, saboda haka duk abin da ya shiga kunnenta sai ya shiga nawa, ko ina so ko ba na so. Ni tela ce, Maman Clinton ake ce da ni. Ita kuma buga takardu take yi: katin biki, tsarin sujadar jana'iza, aikin 'yan makaranta, da fotokofi idan injin ya ga dama. Ainihin sunanta Edith, amma a layinmu babu mai kiranta haka. Mutum ɗaya ne yake kiranta Edith kai tsaye, wato mijinta George, shi kuma shekaru ke nan bakinsa bai buɗe da magana ba.

Ba zan yi ƙarya in ce mace ce mai daɗin hira ba. Ranar da na kama shago, kafin ta ce mini sannu da zuwa sai da ta nuna mini cewa mai fenti ya ci harafi ɗaya a allona. Haka take. Ba ta gulma, ba ta sauraron gulma, kuma a layi irin namu wannan kusan laifi ne. Na daɗe ina ganin girman kai ne, kafin na gane gajiya ce kawai da tarbiyyar aiki.

Daga wani ƙauye a wajen Zonkwa ta zo Kaduna tana budurwa, da akwatin ƙarfe ɗaya. Ta koyi tafireta a wata 'yar makaranta a Kakuri, a hannun wata Madam da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Madam ɗin ce ta dasa mata dokar da ta riƙe har tsufa: mai buga takarda yatsunta ke aiki, ba idonta ba. Abin da ba naki ba ne, ba ki buɗewa, ba ki leƙawa, ba ki tambaya. Da wannan ta samu aiki a ofishin ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin suna tashe, lokacin da idan aka tashi aiki kekuna ke cika titi har mota ta rasa hanya.

A nan ta haɗu da George. Shi a ɗakin saƙa yake, inda ƙarar injina ke sa mutum ya koyi ɗaga murya ko ya koyi shiru. George ya koyi ɗaga murya. Shi ne shugaban mawaƙa a cocinsu, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun ce ba ya bukatar lasifika. Tun suna neman aure yake kiranta Edith, har aka haifi Vicky, duk duniya ta koma Maman Vicky, shi bai canza ba. Surukarsa ta yi faɗa a kai har ta gaji ta bari.

Da masaƙar ta durƙushe, Maman Vicky ce ta buga takardun sallamar ma'aikata, tuli guda, har da ta mijinta, ta ƙarshe kuma tata. Ta gaya mini ba ta yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Da alfahari ta faɗa, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Daga nan sai fafutuka. George ya yi gadi, ya yi acaɓa, ya gwada kiwon kaji suka mutu a damina ɗaya. Ita ta ɗauki tafiretarta ta kafa tebur a gindin mangwaro, da zamani ya juya kuma ta koyi kwamfuta tana da furfura, a aji ɗaya da sa'annin 'yarta.

Abin da bai durƙushe ba shi ne waƙa. George shi ke tsara waƙoƙinsa, wasu da Hausa, wasu da harshensu, kuma bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. A kansa suke. Sai dai in mawaƙa sun zo koyo a falonsu ya ajiye wata ƙaramar rediyo mai kaset a kan tebur ya danna. Haka kaset suka taru cikin kwalin taliya. Da rediyon ta fara cin zare, Vicky, wadda ta zama nas a Fatakwal, ta sayo wa uwarta laftof na hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Turai bayan masu su sun gaji da su, ta sa aka juye duk kaset ɗin a ciki. Mai sayarwa ya rubuta Edith a fuskar kwamfutar, da an kunna shi ake fara gani. Ba a jima ba iska ta yaye rufin ɗakinsu, ruwa ya jiƙa kwalin taliya, aka zubar. Kowa ya ce an gode wa Allah da aka riga aka juye.

Sannan hawan jini ya buge George wata safiya yana wanke fuska. Ya tashi da ɓarin jiki ɗaya a shanye, harshe kuma ya tafi gaba ɗaya.

Tun daga lokacin rayuwar Maman Vicky ta zama layi ɗaya. Da safe ta yi masa wanka, ta sa masa riga, mai Keke Napep ya taimaka a ɗora shi, su zo shago. Tana da wata kujerar roba a bayan injin fotokofi, da matashi, a nan yake wuni yana kallon ƙafafun masu wucewa. Da rana tsaka sai ta ture aikin kowa, ta jona 'yar sifika a laftof, ta kunna waƙoƙinsa, ta buɗe kular faten acca. George ba ya buɗe baki ga cokali sai yana jin muryarsa. Likita bai rubuta haka ba, ita ce ta gano da kanta bayan ta sha wahala. In waƙa na tafiya zai ci, yana buga yatsun hannunsa mai lafiya a gwiwa. In ta tsaya sai ya rufe baki ya juya fuska.

Ni kuwa, gaskiya, waƙoƙin nan sun ishe ni. Kullum su ne, kullum a lokaci ɗaya, ta cikin katako. Na haddace su ba da sona ba, har da wurin da wata mata ke yin atishawa. Na sha buga bango in ce, "Maman Vicky, a rage mana, muna da kwastoma!" Sai ta rage kaɗan, gwargwadon yadda ba zan iya sake magana ba.

Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa. In wuta ta ɗauke, shi ma sai ya mutu nan take kamar ƙwan lantarki. Wata Juma'a a cikin damina tana buga tsarin wani biki da za a yi washegari, wuta ta ɗauke. Musa mai aski, wanda janaretan layinmu ke bayan shagonsa, ya tayar. Ta kunna laftof, yana cikin tashi janareta ya yi tari ya mutu. Aka sake tayarwa, ta sake kunnawa. Wannan karon ya daɗe yana juyi, sannan ya buɗe.

Na ji ta ce, "Yesu!" a hankali. Maman Vicky ba ta kiran sunan nan a banza, don haka na bar keken ɗinki na zagayo.

Fuskar kwamfutar fes take, kamar yau aka saye ta. Hoton auren Vicky da ke kan fuskar babu. Takardun kwastomomi babu. Ta shiga inda waƙoƙi suke, wayam. Ta kashe ta kunna, haka dai. Ta fara bin lungu-lungu tana nema, har ta kai wani wuri da ba ta taɓa shiga ba, ta tarar da folda biyu a jere. Ɗaya an rubuta Tony. Ɗayar an rubuta Tony, da ɗigo, da sifiri uku.

"Waye kuma Tony?" in ji ni.

"Ban san shi ba," ta ce.

Musa ya leƙo da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin aski. "Bairos ne, Mama, cutar kwamfuta," ya ce. "Ba ki ga ya haihu ba? Haka yake yi."

Kada wani ya yi wa Musa dariya, don duk mai irin sana'ar Maman Vicky abin da zai ce ke nan. Kullum 'yan makaranta na kawo mata filas na kwamfuta cike da cuta. Alamar cutar ita ce folda ta zama biyu, ko wata baƙuwa ta bayyana da sunan da ba a sani ba, ainihin kayan mutum kuma su ɓuya. Maganin da ta sani, wanda ta yi sau ba adadi kuma ya yi aiki, shi ne a share baƙin, daga baya a kai wa mai gyara ya fito da abin da aka ɓoye. Abin da hannunta ya saba ke nan.

Ni dai na ce, "To ki buɗe mana mu ga abin da ke ciki." Ba wayo ne ya sa na faɗa ba, son ganin kayan mutane ne, na yarda.

Ta dube ni ta saman tabarau. "In cuta ce, buɗewa ke yaɗa ta. In kuma na wani ne, ina ruwana da kayan Tony?"

Ta haɗa su biyu ta danna sharewa. Kwamfuta ta yi tambaya, wai ɗaya ta yi girma, ba za ta shiga kwandon shara ba, a share ta gaba ɗaya? Ta ce e. Aka daɗe ana sharewa, muna tsaye muna kallon wani koren layi yana tafiya. Tony mai sifiri ta ƙi sharuwa, wai ana amfani da ita. Ɗayar ta tafi. Musa ya ce ai mai taurin kan ita ce uwar cutar, ya koma wa askinsa.

Ranar George bai ci abincin rana ba. Maman Vicky ba ta tayar da hankali sosai ba, don ta san wanda zai fito da kayan: Ifeanyi na Sabon Tasha. Shi kaɗai ta yarda da shi. Sauran masu gyara, in ji ta, magani ɗaya suka sani, su wanke kwamfuta tas su ce an gyara. Ta kira shi, ya ce yana gida a Kudu wajen jana'izar kawunsa, sai wani satin, layin ma yana yankewa. Ta ce za ta jira.

Tana jira tana aiki, don aiki ba ya jira. Ta sake buga tsarin bikin daga farko. Ta lura kwamfutar da kullum ke kukan ta cika yanzu tana da fili, har ta ji daɗi. Wani mai ɗaukar hoto ya kawo bidiyon biki da hotuna a zuba a zaɓa, ta zuba. Wata makaranta ta kawo nata, ta zuba.

George kuwa ya rufe baki. Ta gwada masa waƙoƙin wasu mawaƙa a waya, ya juya fuska ga bango. Ta aika wa tsofaffin mawaƙansa ko wani na da wani abu a ajiye. Wannan wayarsa ta faɗa ruwa, wancan ya koma ƙauye, wata ta rasu bara ba mu ma ji ba. Matasan da ke waƙa a cocin yanzu da kibod suke yi, sun san biyu ko uku daga cikin waƙoƙinsa, su ma sun canza musu kiɗa. Wata rana na ji Maman Vicky da kanta tana gwada rerawa ta cikin katako. Allah ya ba ta yatsu, bai ba ta murya ba. Ta yi layi biyu ta tsaya, na ji ƙarar cokali a kan faranti, sai shiru.

Da ƙyar yake karɓar kunun gyaɗa, shi ma rabi a riga yake ƙarewa. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Vicky na kira daga Fatakwal tana faɗa, a kai shi asibiti a sa masa ruwa. Aka kai, aka sa, aka dawo, bakin dai a rufe. Shirun da na daɗe ina roƙo da rana tsaka ya samu, kuma ban taɓa jin abin da ya dame ni kamarsa ba.

Ifeanyi ya zo da kansa ran da ya dawo, da jakar baya da gajiyar hanya a fuska. A Kakuri aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu, shi ma gemunsa ya fara fari. Ya durƙusa ya gai da George, ya ce, "Baba, sannu da jiki," sannan ya ja kujera. Maman Vicky ta ba shi labari tiryan-tiryan, ta fara daga ɗaukewar wuta. Tun ba ta kai tsakiya ba ya yi murmushi.

"Mama, kwantar da hankalinki, wannan ba bairos ba ne. Small thing ne." Ya juyo da kwamfutar yadda za mu gani. "Kin ga, kwamfuta kamar gidan haya take. Duk mai amfani da ita yana da ɗakinsa, a ciki kayansa suke. In wuta ta ɗauke daidai lokacin da take buɗe ɗakin, wani lokaci makulli ya lanƙwashe. Ita kuma ba ta fasa ƙofa. Sai ta gina sabon ɗaki a gefe, babu komai a ciki, ta sa masa suna iri ɗaya da 'yar lamba a baya, ta zaunar da ke a can. Tsohon ɗakin yana nan a kulle, ko tsinke bai ɓata ba. Ni aikina in shiga in nuna mata tsohuwar ƙofa, shi ke nan. Kafin Baba ya gama shan ruwa mun gama."

Yana magana yana dannawa. Sai hannunsa ya tsaya.

"Ga Tony mai sifiri. Ina ɗayan?"

Musa, da ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya sulale.

"Na share," in ji Maman Vicky. "Ba nawa ba ne. Sunana Edith. Ga shi can a fuskar kwamfutar."

Ifeanyi ya cire tabarau ya murza ido da tafin hannu. Bai ɗaga murya ba. "Mama, Tony shi ne mai kwamfutar na farko, can ƙasarsu. Wanda ya sayar muku bai buɗe miki naki ɗakin ba. Sunan da ke kan ƙofa ta waje kawai ya goge ya rubuta naki, don shi ya fi sauri. Duk shekarun nan a ɗakin Tony kike zaune. Waƙoƙin Baba, hotuna, komai, a nan suke."

Ta zauna a kan kwalin takarda. Ban taɓa ganin ta zauna a kan kayan aiki ba.

"Ba ke kaɗai ba ce," ya ce. "Rabin kwamfutocin da ke zuwa shagona haka suke. Wannan Margaret, wancan Steve. Mutane na zaune a ɗakin Turawan da ba su taɓa gani ba." Ya mayar da tabarau. "Da kin buɗe kin leƙa, da kin ga kayanki."

"Ba a koya mini leƙa kayan mutane ba," ta ce. Ba gardama take yi ba, faɗa kawai ta yi, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya tambaye ta ko ta zuba wani abu a kwamfutar tun ranar. Da ta fara lissafa masa bidiyon biki da hotunan makaranta, na ga kafaɗarsa na sauka. Ya ce abin da aka share ba ya tafiya nan take, yana nan kwance har sai an ɗora wani abu a kansa. Ita kuma ta yi kwanaki tana ɗorawa. Ya kashe kwamfutar, ya kwance bayanta, ya zaro wani ɗan abu kamar akwatin ashana mai faɗi, ya naɗe a hankici.

"Ba na yi miki alkawari," ya ce. "I go try."

George yana kallonmu duk wannan lokacin. Mutane na ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji. Yana ji sarai. Na ga idonsa ya bi hankicin nan har cikin jaka.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Ta ciro tsohuwar tafiretarta daga ƙarƙashin tebur ta share ƙura, tana buga wa masu ƙananan takardu, sauran ta ce su je gaba. Tana zuwa, tana buɗe shago, tana buɗe kula, tana rufewa. Na kai mata miyar kuka wata rana ko canjin baki zai sa ya ci, bai ci ba, ita ma ba ta ci ba. Na ji haushin mai sayar da kwamfutar, na ji haushin Madam ɗin Kakuri da ta daɗe a kabari, na ji haushin Tony da ko sanin muna duniya bai yi ba. Haushin bai ciyar da kowa ba.

Ifeanyi ya dawo da hantsi wata Laraba. Tun daga tafiyarsa na san labarin. Ya mayar da abin cikin kwamfutar, ya ce ya buɗe mata ɗaki nata na kanta, ya cire Tony mai sifiri, yanzu folda ɗaya ce kuma sunanta ke kai. Ya nuna mata. Edith, ga shi a rubuce. Ta duba, sannan ta tambaye shi.

"Waƙoƙin fa?"

Ya ce sunayensu sun dawo da yawa, amma suna ne kawai. Ya danna ɗaya, sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ya danna wata, ta ƙi buɗewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a shagonsa har kunnensa ya yi zafi. Guda ɗaya ce ta fito da rai, ita ma guntuwa ce, ba ta kai a kira ta waƙa ba.

"Ki yi haƙuri, Mama. Iyakar abin da na iya ke nan."

Ta yi masa godiya yadda ya kamata, ta raka shi bakin ƙofa. Ya juyo ya ce ta sayi batir, ta kuma ajiye guntuwar a wuri biyu, ya ma riga ya sa mata a filas. Ta ce to.

Rana ta yi tsaka. Ban koma shagona ba, ita ma ba ta kore ni ba. Ta jona sifika, ta jawo kujera gaban George, ta buɗe kula, ta ɗebo fate a cokali, sannan ta miƙa hannu ta danna.

Aka fara jin jan kujeru da tarin wani. Mata suka ɗauki waƙa, ba su yi nisa ba aka tafa hannu sau biyu. "A'a, a'a, ku tsaya. Kun yi ƙasa. Ku ji nan." Muryar George ce, cikakkiya, ta cika ɗan shagon har da nawa. Ya rera layi ɗaya tak, a kan rana ta yi zafi Ubangiji ya ba da inuwa. A ƙarshen layin murya ta sarƙe masa, ya yi gyaran murya, ya yi dariya. Sannan ya ɗaga murya, kamar mai magana da wani a ɗaki na gaba.

"Edith! Edith, kawo mini ruwa don Allah, wuya ya bushe."

"Na'am," in ji Maman Vicky.

A nan cikin shago ta faɗa, ba a kaset ba. Kafin ta san abin da take yi ta ajiye cokali ta miƙe tsaye. Daga cikin sifika muryarta ta ƙuruciya, daga nesa, ta ce, "Ina zuwa!" sai abin ya yanke.

Ta tsaya a tsakiyar shago, hannu a sake. Na ɗauka za ta yi kuka, ni ma na shirya nawa. Ba ta yi ba. Ta je ta ɗauko gora, ta zuba ruwa a kofin roba, ta dawo ta tallafi haɓarsa. George ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya buɗe baki ya sha. Ta sake dannawa daga farko, ta ɗauki cokali. Ya karɓi kaɗan. Ba kamar da ba, amma ya karɓa.

Waƙoƙin sun tafi, babu wanda zai dawo da su. Abin da ya rage a kaina ne, ni da na haddace su ina zagi, ni kuma muryata ba ta fi tata ba. George bai mayar da jikinsa ba, yana dai ci gwargwadon abin da zai riƙe shi. Har yau ba ta sayi batirin ba, kullum sai ta ce wata mai zuwa. Injin fotokofi na nan yana abin da ya ga dama, ita kuma tana nan tana gyara wa mutane haruffa ba su tambaye ta ba.

Da rana tsaka nakan ɗaga ƙafa daga keke in jira. Sai in ji jan kujeru, da tafi biyu, da layin nan guda. Sannan ya kira ta. Tana maimaita guntuwar har a gama cin abinci, wani lokaci sau da yawa, kuma ban taɓa jin ya kira ba ta amsa ba.